Yadda za ka karanta kuɗin ɗan wasan besbol, ka kuma gane bashin ƙasa

A watan Disambar 2023, muna zaune a majalisarmu ta bayan isha'i kusa da Ƙofar Ƙaura, hunturu ya sa kowa ya cusa hannu cikin riga, sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kawu, ga mutumin naka. Dala miliyan 700 aka ce an ba shi." Kafin in karɓi wayar har an fara juya kuɗin zuwa naira, wani na cewa za su sayi rabin Katsina, mai shayi ya tsaya da kofi a hannu yana salati. Wani dattijo da muke girmamawa ya dube ni ya ce, "Malam, mi yaron nan ke yi haka da za a ba shi wannan dukiya?" Na ce, "Alhaji, a bar ni in ga takardar tukuna. Ba a faɗi yaushe za a ba shi ba."

Yaron da ake magana shi ne Shohei Ohtani, ɗan Japan, wanda ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Anjeles ta ɗauka na shekara 10. Ni kuwa tun 2015 nake bin wasan besbol. Ƙanena yana tuƙin tasi a Niyu Yok, unguwar da yake zaune ba nisa da filin ƙungiyar Mets, kuma a shekarar Mets ta kai wasan ƙarshe na cin kofi. Shi ya riƙa kirana yana koya mini: wannan mai jifa ne, wancan mai duka, in ya doki ƙwallo ta haura katanga ya zagaye kusurwa huɗu ya ci maki. Wasan da ake farawa ƙarfe bakwai na yamma a Niyu Yok, a nan sha biyun dare ne. Na Los Anjeles kuwa ƙarfe uku na dare, sau da yawa kiran assalatu ke raba ni da shi. Masu mamakin Bakatsine da wasan Amurkawa ina tuna musu cewa ƙwallon dawaki ma baƙuwa ce, Sarki Dikko ya karɓe ta, ga shi yau ta zama ta gida.

Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, masu hatsi da masu taki, fiye da shekara 20 ke nan. Abin da zan koya maka a nan shi ne yadda nake zama da labarin ɗaukar ɗan wasa in warware shi, domin hanyar da nake bi ita ce dai nake bi idan aka ce gwamnati ta ciyo bashi. Kayan aikinka takarda ce da biro, da na'urar lissafi ta wayarka.

Fara da rubuta shekaru a gefen takarda, daga sama zuwa ƙasa, kowace shekara layinta. Kada ka rubuta babban adadin da aka yi shela da shi, bar shi a gefe. A gaban kowace shekara ka sa abin da zai shiga hannun mutum a cikinta. Idan ka yi wa Ohtani haka, ga abin da za ka gani: daga 2024 zuwa 2033, dala miliyan 2 kacal a shekara. Sauran miliyan 680 an jinkirta su, za a riƙa ba shi miliyan 68 a shekara daga 2034 zuwa 2043, ba tare da ƙarin ko kwabo a kai ba. An haife shi a 1994, ke nan ranar da zai karɓi na ƙarshe yana dab da cika shekara 49, ya daɗe da ajiye sanda. Takardarka ta kai layi 20, alhali shelar ta ce shekara 10.

To, a nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne, kuma ni kaina na yi shi da dukiyata. A watan Maris na 2023 na sa filina da ke hanyar Dutsin-Ma a kasuwa, ina son in yi gini a gidan da muke ciki, yara sun girma ɗaki ya yi mana kaɗan. Mutum biyu suka taya. Na farko ya ce miliyan 3 da dubu 600, kuɗi hannu. Na biyu ya ce miliyan 4 da rabi, amma zai ba da dubu 500 kafin alƙalami, sauran ya biya miliyan 2 bayan shekara, miliyan 2 bayan wata shekarar. Na dubi dubu 900 da ke tsakani na sallama wa na biyu. A lokacin ina sayen buhun siminti naira 4,500, ke nan kuɗin mutumin farko buhu 800 ne cif. Mutumin da na sayar wa mai amana ne, bai saɓa rana ko ɗaya ba. Amma ranar da ya kawo kashi na biyu, na je shagon da na saba aka ce mini buhu dubu 10. Da na tattara duk abin da na karɓa na auna shi da siminti, buhu 500 da ɗoriya ne. Har yau ɗakin yana tsaye a linta, kuma duk safiya in na fito alwala sai na gan shi.

Saboda haka mataki na gaba: kowane kuɗi na gaba ka dawo da shi yau. Hukumar wasan ta yi wa kuɗin Ohtani wannan lissafi da kashi 4.43 cikin ɗari a shekara. In ka riƙa ɗora wannan kashi a kan dala ɗaya shekara bayan shekara har shekara 10, za ta zama kusan 1.54. Raba 68 da 1.54, ka samu 44. Ƙara miliyan 2 da yake karɓa yanzu, ya zama miliyan 46 a shekara. Ke nan a idon hukumar, kwantiragin na kusan miliyan 460 ne, ba 700 ba. Idan ninkin ya yi maka wuya, ga gajeriyar hanya da nake koya wa yaran shago: raba 72 da adadin kashin, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi zai ninka, ko kuma darajarsa ta ragu da rabi idan farashi ne ke hawa. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Raba 72 da 35, shekara biyu da 'yan kwanaki. Da na yi amfani da wannan ɗan lissafi a kaina a 2023, da ba haka ba.

Wani zai ce wannan ai lissafin kuɗin ruwa ne. Ban ce kowa ya ci riba ba, ni ma ba na ci, hukuncin ciniki na jinkiri kuwa a tambayi malamai. Abin da nake faɗa aune ne kawai: tiyar gero da dubu ɗaya za ta saya yau, ba ita za ta saya baɗi ba. Wanda bai auna ba shi ake cuta, ko da babu wanda ya yi niyyar cutarsa.

Idan kana son ganin jinkiri mai ruwa a kai, dubi ƙungiyata. A shekarar 2000 Mets ta so rabuwa da wani ɗan wasa, Bobby Bonilla, yana bin ta dala miliyan 5.9. Maimakon ta biya ta huta, sai aka yi yarjejeniya: a jira har 2011, a ɗora ruwa kashi 8, sannan duk ranar 1 ga Yuli a ba shi dala 1,193,248 har zuwa 2035. Biya 25 ke nan, kusan miliyan 30. Masu ƙungiyar a lokacin suna da kuɗi a hannun Bernie Madoff, wanda ke nuna musu riba mai tsoka a takarda, don haka suka ga kashi 8 ba komai ba ne. A Disambar 2008 aka kama Madoff, ashe kuɗin wannan yake ba wancan. Ribar ta bi ruwa, bashin yana nan. A 2020 suka sayar da ƙungiyar ga Steve Cohen, kuma ranar ba ta canza ba. Duk 1 ga Yuli ƙanena ke turo mini saƙo, "Yaya, yau ranar Bonilla ce." Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Don haka a ƙasan takardarka ka ja layi ka rubuta tambaya biyu: da wane kuɗi aka yi niyyar biya, kuma wa zai kasance a kujera ranar biyan?

Yanzu sai ka cire rabon masu rabo. Ɗauki Juan Soto, wanda Mets ta ɗauka a Disambar 2024: shekara 15, dala miliyan 765, babu jinkiri, kuma miliyan 75 daga ciki kuɗin sa hannu ne. In ka raba, miliyan 51 a shekara. Gwamnatin tarayyar Amurka tana ɗaukar kashi 37 a matakin sama. Jihar Niyu Yok tana da nata, wanda ya kai kashi 10.9 ga masu irin wannan samu. Dillalinsa, Scott Boras, yana da la'ada. Bayan haka, ɗan wasa yana buga wasa 162 a kaka, rabinsu a garuruwan wasu, kuma jihohi da yawa suna karɓar harajin kwanakin da ya yi aiki a ƙasarsu. In ka gama cirewa, abin da ya rage bai wuce rabi da ɗan wani abu ba. Shi ya sa dole ka rubuta sunan jiha kusa da adadin. Kalifoniya tana ɗaukar har kashi 13.3, Teksas da Fulorida kuwa ba su da harajin albashi na jiha sam. Ƙungiyar Teksas za ta iya taya ƙasa da ta Kalifoniya, amma abin da zai shiga aljihun yaro ya fi yawa.

Ka lura da kalmar "matakin sama", don a nan mutanenmu ke tsorata. Ba a ɗaukar kashi mafi girma a kan dukkan kuɗin, hawa-hawa ne kamar matakalar Gobarau. Sabuwar dokar harajin Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2025 don ta fara aiki a Janairun 2026, haka take: naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, a yi ta hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Malamin makarantar da abin da za a yi wa haraji a albashinsa ya kai miliyan 3 a shekara, kashi 15 na miliyan 2.2 zai biya, wato dubu 330. Na yi wa maƙwabcina wannan lissafi a bayan katin ɗaurin aure, sai da ya sauke ajiyar zuciya, don shi a zatonsa rubu'in albashin za a kwashe.

Akwai wani lungu a kwantiragin Ohtani da bai kwanta mini ba, duk da ina son yaron. Wata dokar tarayya ta 1996 ta hana jiha bin mutumin da ya bar ta da harajin irin kuɗin da ake biyansa daidai-wa-daida na tsawon shekara 10 ko fiye. Ke nan in ya tattara ya bar Kalifoniya kafin 2034, jihar na iya rasa harajin miliyan 680 ɗin nan, an ƙiyasta abin da za ta rasa ya kai dala miliyan 98. Babbar jami'ar kuɗin jihar, Malia Cohen, ta fito a Janairun 2024 ta nemi majalisar ƙasa ta toshe wannan ƙofa. Ina bayanta. Ba a karya doka ba, na yarda. Amma mai sharar filin wasan da mai sayar da tikiti, kafin albashi ya iso hannunsu an yanke nasu, ba su da lauyan da zai tura musu shi gaba da shekara 10. Mu nan mun san wannan ciwo. Iyayenmu sun ba mu labarin haraji da jangali, yadda talaka ke sayar da akuya ko ya tsere ci-rani in lokacin ya zo, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna. Abin da ya sa aka tsane su ba biyan ba ne kawai, ganin wanda ake matsa wa da wanda ake ɗaga wa ƙafa ne. Ni zan biya nawa, amma a ba ni rasit, kuma in ga babba ya biya nasa.

Su ma ƙungiyoyin akwai harajin da suke biyan junansu. Besbol ba ta da iyakar albashi, amma akwai layi: a 2024 dala miliyan 237 ne. Ƙungiyar da albashin 'yan wasanta ya haura, za ta biya kashi 20 na abin da ya haura a karon farko, 30 in ta maimaita, 50 a karo na uku a jere, da ƙari in ta yi nisa ƙwarai. Wannan ne ya sa miliyan 46 ya fi wa Dodgers daɗi a kan miliyan 70 da za a lissafa mata a shekara in ba jinkiri: rarar ta ba ta sarari ta ɗauko wani mai jifa daga Japan, Yoshinobu Yamamoto, shekara 12 a kan miliyan 325, a Disambar 2023 ɗin dai.

Sai tambayar da ta fi nauyi: me ke shigowa? Ba a auna bashi da girmansa, da samun mai shi ake aunawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Dodgers tana da yarjejeniyar talabijin tun 2013, shekara 25 a kan sama da dala biliyan 8, kuma kusan mutum miliyan 4 ke shiga filinta a kaka, ga kamfanonin Japan da suka biyo Ohtani da tallace-tallace. Ga kuma wata doka ta wasan da nake so kowane ɗan majalisa ya ji: ƙungiyar da ta jinkirta albashi dole ta ware kuɗin a asusu cikin kusan shekara biyu, ba ta jira 2034 ta fara nema ba. Ba a fafa gora ranar tafiya. Wadda ba ta da irin wannan ƙarfi kuwa, dubi Rangers ta Teksas. A shekarar 2000 ta ba Alex Rodriguez miliyan 252 na shekara 10, bayan kaka uku ta tura shi ƙungiyar Yankees ta Niyu Yok tana ci gaba da biyan wani kaso na albashinsa, kuma da ta durƙushe ta je kotu a 2010, yana cikin manyan masu bin ta bashi, kusan miliyan 25.

Daga nan ka juya takardar, ka rubuta Najeriya a sama. Tambayoyin ba su canza ba.

Ofishin kula da basussuka na ƙasa ya ce a ƙarshen 2023 bashin gwamnatoci, tarayya da jihohi, naira tiriliyan 97.34 ne. A ƙarshen 2024 ya zama tiriliyan 144.67. A majalisarmu ta hira aka ce an ciyo tiriliyan 47 a shekara guda. Kafin ka yarda, tambayi da wane kuɗi aka ci bashin. Kusan rabinsa na waje ne, da dala ake biya. A lissafin farko an yi amfani da dala ɗaya kusan naira 899, a na biyu kusan 1,535. Raba kowanne da nasa: na farko dala biliyan 108, na biyu biliyan 94. A dala adadin ma raguwa ya yi. An ci sabon bashi, ba musu, amma babban ɓangaren hawan faɗuwar naira ce. Kada wannan ya sanyaya maka rai. Harajinmu da naira muke biya, don haka kowace dala ta bashi yanzu tana cin gumin mutum biyu inda da take cin na ɗaya. Abin da ya same ni a fili ke nan, sai dai a juye: ni na bi bashi da kuɗin da ke narkewa, ƙasa kuma ana bin ta da kuɗin da ke ƙara ƙarfi.

Masu raba bashin da yawan jama'a su ce kowane ɗan ƙasa ana bin sa kaza, ka wuce su, babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Masu cewa Amurka ma ana bin ta fiye da dala tiriliyan 36, gaskiya ne, ta haura wannan a Nuwambar 2024, kuma a shekarar kuɗin ruwan da ta biya ya zarce abin da ta kashe wa sojojinta. Nasu ma abin damuwa ne, ƙanena na kuka da shi duk lokacin cike takardar haraji. Amma su da kuɗinsu suke cin bashi, su ke buga dalar. Lambar da za ka nema ita ce wannan: cikin kowace naira 100 da ta shigo baitulmali, nawa ke tafiya biyan bashi? Bankin Duniya ya ce a 2022 naira 96 ce. A kasafin 2025 na tiriliyan 54.99, an ware fiye da tiriliyan 14 don biyan bashi kawai. Ɗan kasuwar da na riƙe wa littafi in ya kai haka, zan rufe littafin in ce, "Alhaji, mu zauna."

Mu ma muna da Bonilla namu. Shekara da shekaru gwamnatin tarayya na karɓar rance daga Babban Banki, alhali dokar bankin ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar bara. Ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7. A Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 da ruwa kashi 9. Yi lissafin da kanka: kashi 9 na 22.7 ya haura tiriliyan 2 a shekara, ruwa kaɗai. Rubuta shekarun, za ka tsaya a 2063. Jikata da aka yi suna bara za ta kusa shekara 40 a lokacin. Ka tuna kuma mun taɓa fita daga irin wannan rami: a 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen ƙungiyar Faris, masu bin mu bashi, suka yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kusan biliyan 12, aka rufe littafin a 2006. A Disambar 2024 kuwa mun koma kasuwar waje mun karɓo dala biliyan 2.2, wani kaso da ruwa sama da kashi 10. Ko Bonilla kashi 8 ya samu.

Abu na ƙarshe da za ka rubuta: me aka saya da kuɗin? Ohtani a kakarsa ta farko ya haura katanga sau 54, ya saci kusurwa sau 59, wato ya ruga zuwa kusurwa ta gaba ba tare da jiran a doki ƙwallo ba, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa, Dodgers ta ɗauki kofi a 2024 ta sake ɗauka a 2025. Ƙungiyar Angels kuwa ta ba Albert Pujols miliyan 240 na shekara 10 a ƙarshen 2011, yana da shekara 31. Sau ɗaya suka kai zagayen cin kofi da shi, ba su ci wasa ko ɗaya ba, suka sallame shi a 2021 kafin wa'adi, kuma dole suka cika masa kuɗinsa, don a besbol in an sa hannu an sa. Sun biya aikin da ya yi wa wasu a ƙuruciyarsa. Wannan ne tsorona da Soto. Ina jin daɗin ganinsa da rigar Mets, kuma na yaba da cinikin da ba a ɓoye komai a bayan shekaru ba, amma kwantiragin zai kai 2039, yana da shekara 40. Shekara biyar na ƙarshe za mu biya su ne don mu samu goman farko.

Ga ƙasa, amsar wannan tambaya da ƙafa ake nemanta. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu a 2007 ta ce a ci bashi don manyan ayyuka da raya ɗan Adam kawai. Sukuk na farko, wato takardar rance ta tsarin Musulunci, da tarayya ta fitar a 2017, naira biliyan 100 ne na hanyoyi 25, kuma an kafa alluna a bakin titunan, mutum zai iya tsayawa ya karanta. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi. In ka fita, tsaya ka dubi inda aikin ya kai, ka rubuta kwanan wata, bayan wata shida ka koma. Gani ya kori ji. In jirgin ya fara ɗaukar hatsi da shanu, bashin ya samu abin da zai biya shi. Wanda aka ci aka biya albashi da tallafin mai kuwa, ba inda za ka tsaya ka nuna wa yaro.

Ina da littafi mai bangon kwali da nake ajiye waɗannan takardu, 'yan wasa a gaba, kasafin kuɗi a baya. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disambar 2026, na bar shafi biyu fari don in ga ko za a taɓa maganar jinkirta albashi.

Kwanan baya ɗan yayata ya zo zai sayar da babur ɗinsa ga wani abokinsa, biya kashi huɗu cikin shekara. Ya ce, "Kawu, dubu 100 ya ƙara mini a kan kuɗi hannu." Na ba shi biro na ce ya rubuta watanni. Ya rubuta, ya raba 72, ya yi shiru. Washegari suka dawo tare, aka mai da shi wata huɗu, rabi a hannu. Na rubuta musu takarda kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta, da ranar kowane biya, mai shayi da limamin masallacinmu suka sa hannu a matsayin shaidu.